Rigar Mahaifina da Algaitar Baba Mele

Malam, don Allah ka agaza mini da shawara tun kafin Juma'a ta zo.

Ni mai awon riɗi ne a tashar jirgin ƙasa ta Lafiya. Ba na caca, ba na yawon banza. Ciwona ɗaya ne, algaita. Ba ruwana da abin da samari ke juyawa a garmaho. Ni tsofaffin taken nan da kakanninmu suka zo da su daga Barno nake so. Mutum guda ya rage mai busa su yadda suke, Baba Mele, shi ma numfashi ya fara yi masa gardama. Yanzu da aka gama kakar riɗi an yi shela zai yi wasa da 'yan gangarsa: ran Juma'a bayan la'asar a gindin ɗorawar bakin kasuwarmu, sannan garin Doma, inda makaɗan ƙabilar Alago za su riƙa amsa masa, sannan Awe in an fara dafa gishiri. Ana cewa daga bana zai rataye algaitar.

Ga inda matsalar take. Mahaifina, marigayi Kyari, yana da takensa. Da Baba Mele ya hango ni sai ya saki abin da yake busawa ya kama shi. Malam, ban san abin da ke samuna ba. Sai in ga kamar tsohon ne ke shigowa zaure yana gyaran murya. Kafin in farga na tuɓe rigata na yafa wa mai busa, jama'a na sowa. Haka mahaifina ma ya riƙa yi, an ce gado na yi. Bara daga ni sai wando na ratsa kasuwa, har wata mai doya ta miƙo mini buhu in rufa. Rigunan adona duk suna jikin makaɗa. Ran nan a masallaci na hangi rigata kore a sahun gaba, a wuyan mai ganga, ta ma fi yi masa kyau.

Saura guda: rigar mahaifina ta tsamiya mai aska takwas. Mahaifiyata Yagana ta ba ni ita ranar sadakar arba'in, ta ce in adana wa jikokinta. Marigayin ya ba da riguna ba iyaka, wannan kaɗai ta tsira. To, ba zan zauna a tabarmar manya da taguwar aiki mai ƙurar riɗi ba, in kuma na sa wannan na san hannuna. Uwargidana Sailuba ta rantse in rigar ta fita ba ta dawo ba, da bakinta za ta kai wa tsohuwa labari. In na zauna a gida kuwa, mai yiwuwa ni da taken nan har abada. Yaya zan yi?

Naka,
Mai Riga Ɗaya, Lafiya

Ya ɗan'uwa Mai Riga Ɗaya,

Na karanta labarin masu kyauta da yawa a littattafan da, amma ban taɓa cin karo da wanda mai doya ta suturta ba. Allah ya saka mata.

Ban ga laifinka a son kiɗan nan ba. Mai busa ba shi da gona sai bakinsa, kuma da irinku taken nan suka kawo yau. Amma Sailuba ma tana da gaskiya, har ta fi ka. Rigar da ka saya taka ce, ka yafa wa wanda ka so. Wannan kuwa ajiya aka ba ka.

Wani zai ce ka sa riguna biyu, ka ba da ta sama. Kada ka yarda. Na san irinku, biyun za ka tuɓe, ka ɗora da hula.

Akwai abin da ka rubuta ba ka tsaya ka duba ba. Ka ce mahaifinka ya ba da riguna ba iyaka, wannan ta tsira. Ta yaya ta tsira? Ka tambayi Yagana. Ni zatona bai taɓa sa ta ya je wajen wasa ba, ko kuwa ita ce ke riƙe mabuɗin akwati a irin waɗannan ranaku. Ka gaji hannunsa, saura ka gaji dabararsa. Gobe ka naɗe rigar ka mayar wa tsohuwa, ka ce sai bayan wasan Awe.

Sannan ka yanki farin alawayyo ka kai wa maɗinki, riga ba aiki, wadda aka ɗinka don a ba da ita. Ba wanda zai kore ka daga tabarma don rigarka ba ta da aska, ai an san ɗan wane ne kai. Ka sa taguwa a ƙarƙashi, don mai doya ta huta.

Na ƙarshe shi ne babba. Ka je masaukin Baba Mele da hantsi, da goronka, kana cikin hankalinka. Ka roƙe shi ya tsaya a ƙofar gidanku ya busa taken Kyari sau ɗaya, yadda Yagana za ta ji daga tsakar gida. Kai kana jinsa duk shekara, ita yaushe rabonta? Ka kuma roƙe shi ya tabbatar wani cikin masu bin sa ya riƙe taken daidai. Abin da kake tsoron rasawa ke nan, kuma yafa riga ba zai tsare maka shi ba.

Ka je wasan Lafiya, ka je Doma, ka je Awe, ka ji daɗinka. Allah ya ƙara wa Baba Mele numfashi, ya ja kwanan Yagana, ya nuna mata jikanta sanye da tsamiyar nan. Kai kuma Allah ya dawo da kai gida da wani abu a wuyanka.

Naka,
Malam Na Zaure