Jumma'ar da Delu Ta Ƙwace

Ƙofar Guga, Katsina

Zuwa ga autata Lailatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya maigidan naki? Da gangan na daina ɗaukar wayarki, na gaji da jin "Inna, ina kotu." Ga takarda, sai ki karanta a kotun.

Jiya a gidan suna aka yi da ni. Wai ɗiyata lauya ce ke kare Delu, matar da ake zargi da ƙona shagon maƙwabcinta a Ƙofar Kwaya. Wata ta ce aikinku ke nan, ku sa baƙar riga ku wanke mai laifi tas. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai, an ce duk Jumma'a kina gidan yari wurinta, har da kular abinci, kuna ƙus-ƙus kamar uwa da ɗiya. Jumma'ar da a da tawa ce! Kishi nake, ban ɓoye ba. Ke da ko ƙaiƙayi kika ji sai kin gaya mini, rannan na tambaye ki ta ƙona ko ba ta ƙona ba, kika yi mini dariya. Ni na haife ki ko ita?

Mahaifiyarki, Dije

*

Inna,

Ina gaishe ki da ladabi, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ki yi mini afuwa. Abin da Delu ta gaya mini amana ce, aikina ya hana in faɗa wa kowa, ko ke, ko maigidana. In ba ta tabbata bakina a rufe yake ba, ba za ta buɗe nata ba, ni kuma in rasa abin kare ta.

Ƙarya ba ta cikin aikina. Masu ƙara su kawo hujja, ni in yi wa shaidunsu tambayoyi, alƙali ya yanke. Tuni aka ba da belinta, amma ba wanda ya zo ya tsaya mata, har 'ya'yanta. Dalilin kular ke nan. Ranar Talata za a zauna, ki zo ki gani da idonki.

Ɗiyarki mai biyayya, Lailatu

*

Auta,

Ina gaishe ki. Na zo, na zauna can baya na ja mayafi. Na zo ganin wadda ta ƙwace mini ke, sai na tarar da 'yar tsohuwa da tsinkakken silifa. Benci cike da dangin mai shago, ita ko mutum ɗaya babu. Da kika tambayi mai shaida yadda ya gan ta, alhali da bakinsa ya ce yana masallaci a lokacin, ya hau kame-kame, sai da na gyara zama. Amma da aka ɗage shari'ar ta riƙe hannunki ta ce "ɗiyata". Wannan ban yafe ba.

Ɗanjuma mai keke zai kawo miki dambu. Na yi shi da laushi, na ga ba ta da haƙora. Kada ki ce mata daga ni ne. In ga ko sirrina ma za ki iya riƙewa.

Mahaifiyarki, Dije

*

Inna,

Barka da Jumma'a. Ta cinye tas. Ta tambaye ni hannun wa ne har ta gaji, ni kuwa na yi mata dariya irin wadda na yi miki.

Ɗiyarki, Lailatu