Maëlle Ta Ajiye Keke Sai Ƙanƙara Ta Narke

Zuwa ga yayana Réjean,

Gaisuwa mai tarin yawa daga Chicoutimi zuwa gare ka da iyalinka a can Victoria. Ina fata takardar nan ta same ku lafiya, Allah ya ƙara wa gwiwar nan taka sauƙi. Mu dai muna nan cikin ƙanƙara har ƙugu. Mama ta warke daga tarin da ya dame ta, har ta koma yi wa kowa faɗa, ka ga lafiya ta samu ke nan. Maigidana Benoît kuwa kullum yana waje da shebur, yana zagin motar share hanya da ke sake toshe mana ƙofa.

Yaya, ba labarin sanyi ya sa na ɗauki biro ba. Raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi. Na ƙi kiran ka a waya ne don na san halinka, kafin in kai aya ka mai da maganar wasa.

Ka san tun da hanyoyi suka daskare, 'yata Maëlle ta koma ɗakin ƙasa da kekenta, an kafe shi a kan ƙarfen nan da ke riƙe shi wuri ɗaya, fanka tana hura ta. Mai horar da ƙungiyarsu ta tseren keke, Madam Odile, ta tara mu iyaye ta ce aikin hunturu tuƙi ne mai tsawo a hankali, don zuciya da huhu su ginu kafin lokacin tsere. Ta ce gane shi ba wuya: in yaro yana tuƙi yana hira ba haki, daidai ne, in maganarsa ta fara yankewa, ya zarce. Shi ya sa na zama abokiyar hira. Kullum bayan makaranta sai in sauka da shayina in hau kan injin wanki, tana murza feda muna taɗi. Yarinyar da a sama ba na samun komai a bakinta sai i da a'a, a ƙasa har sunan yaron da take so na ji. Na ji daɗin zaman nan ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba.

Sai ka kira ranar Kirsimeti. Da ta gaya maka yadda take atisaye, ka kwashe da dariya, ka ce wannan ai tuƙin tsofaffi ne masu zuwa sayen burodi, wai a zamaninku wanda bai yi amai a bokiti ba bai hau keke ba. Ni na ɗauka cika bakin da muka saba ji ne tun muna yara. Ita kuwa in Kawu Réjean ya yi magana, an gama.

Ashe tun daga ranar take tashi da sassafe kafin mu farka, ta yi irin naka na kashe kai, da yamma kuma ta yi na Odile a gabana. Na ga tana barin abinci, mura ta ƙi sakin ta, hirar tamu ta mutu. Ni da wautata na zaci fushi take da ni. Ranar da aka gwada su don zaɓen masu zuwa sansanin horon lardi, ko rabi ba ta kai ba ta sauko, ta zauna a ƙasa. Odile ta ja ta gefe, nan gaskiya ta fito. Likita ya ce jikinta ya gaji tiɓis, ta ajiye keke sai ƙanƙara ta narke. Gurbin da ta shekara tana buri an ba wata.

Odile ta tambaye ni ko kawun nan yana da sauran 'yan'uwa a ƙungiyarta, don ta san wayar wa za ta ƙwace. Benoît ya ce in gaya maka bokiti yana nan ya ajiye maka, ka zo da gwiwar taka ka nuna mana.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a mota muna komawa gida ba sansanin ta yi wa kuka ba. Roƙo na ta yi ta yi kada in gaya maka, wai za ka ce ita raguwa ce. Shekararta goma sha biyar fa, Yaya. Don Allah ka kira ta ranar Lahadi. Kada ka ba ta wata shawara, kada ka kawo labarin tseren da ka ci. Ka gaya mata kai ka yi kuskure, ita ba raguwa ba ce. Na faɗa mata, Odile ta faɗa mata, likita ma haka, ba ta yarda da ko ɗayanmu ba. Daga bakinka take jira.

Ka gai da matarka Lorraine, ka gai da Étienne da ƙaramar Solange. Mama tana gaishe ku, ta ce ita ma tana da magana da kai.

Ƙanwarka da ke fushi da kai, amma ba ta daina son ka ba,
Ghislaine