Launin Ya Juya, Ban Gani Ba

Litinin, 3 ga Maris
An haɗa ajina na kimistiri da na wata makaranta mai nisa, ta kwamfuta. Su ba su da ɗakin gwaji. Ni zan riƙa yin gwaji a gaban kyamara, yarana da nasu su fitar da sakamako tare, rukuni-rukuni. Shugaban makaranta sai murna yake. Bai san halin da idona yake ciki ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Ina ɗiga asid, ina jiran launi ya juya. Ina ta ɗigawa. Sai murya daga sifika: "Malama, ai tun ɗazu ya koma ja!" Dariya can, dariya nan. Na ce laifin kyamara ne. Kwalbar fa a hannuna take.

Asabar, 8 ga Maris
Likita ya ce jijiyar idon ce. Abin da ya tafi ya tafi, sai dai a tsare saura. Maigida ya ce, "Ki ajiye aikin mana." In ajiye in zama me?

Talata, 11 ga Maris
Malamin makarantar can ya kira, da ladabinsa. "Malama, ko in karɓi wani ɓangare ki ɗan huta?" Na kashe wayar. Jarrabawa ta matso, yaransa ba su taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, da ni suka dogara. Ya Allah, ka rufa mini asiri.

Laraba, 12 ga Maris
Yau na gaida rigar maigida da ke rataye a bayan ƙofa.

Laraba, 19 ga Maris
Na ɗauko kwalbar da ba ita ba. Doguwa, ɗalibata mai zama a gaba, ta riƙe mini hannu. "Ba wannan ba, Malama." Ƙasa-ƙasa ta faɗa, don kar 'yan can su ji. Babu wanda ya yi dariya. Ashe yarana sun sani. Na shige sito na yi kuka har warin sinadarai ya kore ni.

Litinin, 24 ga Maris
Doguwa ce ta yi ɗigawar yau. Na ce 'yan can su zuba ido, wanda ya fara ganin sauyi ya faɗa. Da ihu suka faɗa. Ina zaune na ce, to, me ya sa ya juya? Wata mai siririyar murya ta amsa daidai. Ban san fuskarta ba, amma muryar na riƙe ta.

Don yara su koya ne kawai, ba wani abu ba. Malamin can ya ce ko a maimaita haka ranar Alhamis. Ban ce masa a'a ba.