Sandar Kaka a Jikin Bango

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki riƙa tsayawa a kanta sai ta haɗiye maganin, na san halinta na tura shi ƙarƙashin filo. Mu ma lafiya lau muke, sai dai kewa.

Yaya, na iso ƙasar nan wajen maigidana, amma har yau bakina bai rufu ba don mamaki. Gidan da muke ciki dogon bene ne, mu muna hawa na uku, ƙofofi a jere kamar ɗakunan asibiti. Gida cike da mutane, amma sai ki rantse kowa ya yi ƙaura. Ran da na zo na gamu da wata mata a matakala, na gaishe ta har da russunawa. Sai ta ƙanƙame jakarta ta wuce. Ni da kuka laƙaba wa Rediyo saboda surutu, yanzu sai in wuni ban yi magana da kowa ba sai tukunya.

Ƙofar da ke manne da tamu ta wata tsohuwa ce mai dogara sanda. Ita kaɗai take zaune, ba ɗa ba jika. Na sa mata suna Kaka. Washegarin zuwana na zuba abinci a kwano mai murfi na je na ƙwanƙwasa mata. Ta buɗe ƙofa kaɗan, sarƙa na maƙale, ta dubi kwanon, ta dube ni, ta mayar ta rufe. Haka na dawo da abuna kamar wadda aka kama da sata.

Ban daddara ba. Da hantsi na ɗauko ɗan turmin da Inna ta cusa mini a akwati, na fara daka tattasai. Sai na ji ana buga bango ta wajen Kaka. Ni kuwa na ce lallai tsohuwa ta huce, gaisuwa ce take aiko mini, na ɗaga taɓarya na mayar mata da tawa gaisuwar. Ta buga, na buga. Muka yi ta yi, ina ta washe baki.

Da yamma sai ga mai kula da gidan, wani dogo mai tarin makullai a ƙugu. Ya daɗe yana magana da maigidana a bakin ƙofa, ni ban ji ko kalma ɗaya ta harshensu ba, amma na ga fuskar mijina tana sauyawa. Ashe Kaka ƙarata ta kai. Wai na dame ta da buga ƙofa, na dame ta da daka. Maigidan ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ashe zaman gwaji muke yi a gidan, na 'yan watanni. In aka sake kai ƙararmu, sai mu tashi. Ya sha wahala kafin ya samu wurin nan, kusan shekara yana kwana a ɗakin ma'aikata. Kuma in ba mu da gida, ni ba za a sabunta mini izinin zama ba, sai in tattara in dawo. Ya ce, "Don Allah ki rufa mini asiri. A nan ba a buga ƙofar kowa. Ko kin gani, ki yi kamar ba ki gani ba."

Na yi masa alkawari. Turmi yana can saman kabad, na naɗe shi da zane. Ki gaida Inna da kowa da kowa, kada ki ba ta labarin kwanon, za ta yi ta yi mini dariya.

Ƙanwarki mai kewarki,
Rediyo

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Na ji daɗi da kika ce Inna ta fara takawa har tsakar gida, Allah ya ƙara sauƙi. Ki gaida maigidanki, ki ce masa na ji tsokanar da ya aiko, zan rama.

Kin tambaya ko na saba. Yaya, in kika gan ni ba za ki gane ni ba. Da safa nake yawo a ɗaka. Ƙofa kuwa lallaɓa ta nake kamar jariri. Na koyi wuce mutum a matakala ina kallon takalmina. Maigidan yana ta yabona, ya ce na fi shi saurin zama 'yar gari.

Ranar hutunsa mukan fita ganin gari. Akwai wani lambu kusa da mu, na ga kare sanye da riga, matar da ke jan sa har tana goge masa ƙafa. Mun je gidan adana kayan tarihi, muna zagayawa sai ga turmi da taɓarya a cikin akwatin gilashi, mutane sun kewaye shi suna ɗaukar hoto. Na ce wa maigidan, ashe haka ake son turmi a ƙasar nan, a kulle, bakinsa a rufe. Ya ce in rage murya. Mun kuma hau wata tsohuwar gada, an cika jikinta da kwaɗo, wai masoya ne ke kullewa su jefa makullin a ruwa. Na yi ta salati ina lissafin ƙofofin da waɗannan kwaɗuna za su tsare.

Labarin Kaka kuwa, abin dariya ne. Bangon da ke tsakaninmu siriri ne, har na haddace rayuwarta ba tare da na taɓa shiga ɗakinta ba. Da sassafe butar shayinta za ta yi fito. Sai ta yi tari, sai in ji ta zare jarida daga ramin ƙofa, sai ta kunna rediyo ƙasa-ƙasa. In cokali ya kuɓuce mini, kafin in sunkuya sandarta ta sauka a bango. Da farko haushi nake ji. Yanzu kuwa, in gaya miki gaskiya, har jira nake. A duk gidan nan ita kaɗai ce ta san ina da rai.

Kwanan baya na buɗe ƙofa na tarar da wata 'yar leda a ƙasa. A ciki akwai wasu 'yan faya-fayan soso da ake manna wa ƙafafun kujera don kada su yi ƙara. Ban sani ba ko kyauta ce ko faɗa ne. Ni dai na ɗauke ta kyauta, na manna. Na so in je in yi godiya, na tuna alkawari, na zauna.

Ƙarshen makon nan za mu je wani tafki a gindin duwatsu, ba nisa a jirgin ƙasa, za mu kwana a can. In mun dawo kuma saura kaɗan gwajin ya ƙare. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Rediyo mai raunin batir

Yaya,

Ina gaishe ku, ina fata kowa lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun nan. Ki karanta ke kaɗai tukuna.

Ranar da za mu tafi tafkin, tun da na tashi na ji wani abu bai yi mini ba. Butar Kaka ba ta yi fito ba. Ban ji tari ba, ban ji rediyo ba. Muna haɗa kaya sai maigidan ya ture murfin babbar tukunya, ya faɗi ƙasa ya yi ta katantanwa, ƙarar da ko kurma zai ji. Muka tsaya cak muna kallon bango. Shiru. Maigidan ya yi ajiyar zuciya ya ce yau mun ci sa'a.

Da muka fito na ga jaridarta a soke a ramin ƙofa, ba a zare ba. Yaya, na tsaya a ƙofar nan. Na ɗaga hannu. Na san abin da ake yi, ke kika koya mini, Inna ta koya mana. Maigidan yana matakala da jaka, ya waiwayo ya ce ƙila ta je wajen dangi, jirgi zai tafi ya bar mu, kuma saura ƙiris a ba mu gidan. Bai tsawata mini ba, kada ki ɗora masa. Ni ce na sauke hannuna da kaina, na bi shi a kan 'yan yatsu don kada in yi ƙara.

Wurin yana da kyau, ba zan yi miki ƙarya ba. Ruwan garau, kina hango duwatsun ƙasansa. Mun shiga jirgin ruwa, sannan muka hau wani akwatin gilashi da ke rataye a jikin igiyar ƙarfe, ya ja mu sama har gidaje suka koma kamar kwalayen ashana. Na ƙanƙame maigidan ina ihu, yana dariya. Na ci, na sha, an ɗauke ni hoto ina murmushi. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da gaske na ji daɗi, na ma manta da ita.

Muka dawo washegari da yamma. Jaridar tana nan, an ƙara soka wata a kanta. Mutanen hawan nan duk sun wuce ta gabanta, sun fita sun dawo. Na yar da jakar hannuna na hau dukan ƙofar da hannu biyu, ina kiran Kaka, Kaka, da harshenmu. Ƙofofin da ban taɓa ganin sun buɗe ba suka buɗe. Aka kira mai makullai.

Tana kwance a bayan ƙofar, Yaya. Daf da ƙofar, ƙafa ɗaya da silifa, sandarta ta gangara can ƙarƙashin tebur inda hannunta ba zai kai ba. Rai ya yi halinsa. Ma'aikatan asibitin da suka zo sun ce faɗuwa ta yi, ƙashin ƙugu ya karye, kuma da alama ta daɗe da ranta a wurin. Na sa maigidan ya tambaye su ko tana da rai da safen da muka fita. Ya tambaya, suka amsa, ya ƙi fassara mini. Ban sake tambaya ba.

Katako ne kawai tsakanina da ita. Ƙila ta ji tsayuwata. Ƙila ta ji na wuce a hankali, yadda ta koya mini.

Ba na iya cin abinci. Ki yi mini addu'a, ita ma ki yi mata fatan alheri, ko sunanta ban iya faɗa daidai ba.

Ƙanwarki

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa, ina fata ke da iyali da Inna kuna lafiya. Na ga saƙonki, na gode. Na ji duk abin da kika ce game da ƙaddara, na kuma yarda, sai dai zuciya ba ta saurin jin magana.

Ashe Kaka tana da ɗa. A wani gari da muka ratsa a jirgin ƙasa ranar zuwa tafkin yake zaune. Ya zo da motar kaya, a yini ɗaya ya kwashe ɗakin. Ba zaman makoki, ba wanda ya shigo gaisuwa. Na tsaya a ƙofata ina kallo, na rasa ko in yi masa ta'aziyya ko in shaƙe shi. Da ya zo wucewa na ga idanunsa sun yi ja, sai na tuna ni ma ba ni da bakin magana. Butar shayin a wajen shara ya ajiye ta. Na sauka na ɗauko.

Shekaranjiya mai makullai ya zo da murmushi, ya ce gwaji ya ƙare, an bar mana gidan. Wai ihun da na yi ranar ba laifi ba ne, tunda da dalili. Ya ƙara da cewa mun zama abin misali, ya daɗe bai ga baƙin da suka koyi zama da mutane da wuri kamar mu ba. Maigidan yana fassara mini, ya kasa ƙarasawa. Na shige banɗaki na yi kuka har na gode Allah.

Jiya ina wanke-wanke na saki cokali da gangan. Na tsaya ina sauraren bango kamar wata taɓaɓɓiya.

To, ga abin da nake so ki sani. A hawa na sama akwai wani tsoho, shi ma shi kaɗai, ina jin jan ƙafarsa ta silin. Yau da safe ban ji ba. Ban yi shawara da kowa ba, na hau na buga masa ƙofa, bugu na gaske irin na gida. Ya daɗe kafin ya buɗe, da rigar barci, gashi a hargitse. Ya zazzaga mini masifa da harshensu, ya galla mini harara, ya maido ƙofa garam. Yaya, tunda nake ban taɓa jin daɗin zagi irin na yau ba. Na sauko ina dariya ina share hawaye.

Na gaya wa maigidan da ya dawo. Na ce duk ranar da ban ji motsin tsohon nan ba zan hau, ko zai kai ƙara sau ɗari. Sai ya ce in na ji tsoro in tashe shi mu hau tare.

Ki gaida Inna, ki gaida maigidanki da yara. Kuma kada ki cika ɗakina da tarkace tukuna. In an kore mu, ina nan tafe da turmina.

Ƙanwarki har kullum,
Rediyo