Dangin Tarin Lukmanu

Wuse, Abuja

Assalamu alaikum, Yaya Badamasi,

Ina gaisuwa, ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan ƙaninka Lukmanu. Ba ka ɗaga wayata, ni kuma ina takaba, shi ya sa na rubuto.

Na san Inna na cewa ni na shafa wa mijina tarin fuka, don haka ta tafi da ɗana Hanif zuwa Jiwa. Ban ga laifinta ba, ni ma haka na ɗauka.

Jiya na je karɓar magani, Likita Nabilah ta ce sakamakon kakinmu da aka kai babban ɗakin gwaji ya fito. Wai ƙwayar cutar ma tana da dangi, kamar mutane. Tawa mai jin magani ce, ta Lukmanu mai taurin kai. Ba danginsu ɗaya ba.

Yaya, bara da Inna ke tari, wa ya yi jinyarta in ba Lukmanu ba, yana kwana a ɗakinta, taga a rufe? Ka tuna da ta ji sauƙi ta ajiye maganin, ta ce ta warke. Yanzu Hanif ne ke kwana a bayanta. Don Allah ka kai su a gwada.

Ƙanwarka,
Hajjo

Jiwa

Wa alaikumus salam, Hajjo,

Da farko wasiƙarki ta ɓata min rai, shi ya sa kika ji ni shiru. Amma na kai su. Hanif bai kamu ba, sun ba shi maganin kariya, gobe zan kawo miki shi. Sakamakon Inna ya daɗe kafin ya fito. Irin na Lukmanu ne sak. Likita ta ce da alama daga wajenta ya ɗauka.

Ki yafe mana. Ba ta sani ba tukuna. Ko ɗazu sai da ta ambaci sunanki, ba da alheri ba. Zan gaya mata gaskiya, a wanke ki.

Badamasi

Wuse

Salam, Yaya,

Hanif ya iso, na kasa daina shinshina kansa. Na gode.

Kada ka gaya mata. Na ɗanɗani zama da tunanin ni na kashe shi. Ni matarsa ce kawai, ita ta haife shi. In ta ji, ba za ta ƙara haɗiyar ƙwayar magani ɗaya ba.

Ka ce mata nawa ne ta ɗauka. Ta yi ta zagina, in dai za ta shanye maganin. A buɗe mata taga.

Ka gaishe ta.

Hajjo