Hannuna Ne a Hoton

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Yaya, ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi, ya bar masa idon da ya rage, ke kuma Allah ya biya ki ɗawainiyar da kike yi da shi. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Gwaggo da take tashi in ta daɗe a tsaye, amma bakinta ƙalau yake, faɗa kam ba fashi. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda karatuna ya tsaya. Yadda zan faɗa miki da baki haka zan rubuta.

Saƙonki ya iso, cewa Baba yana son hotona ya ga ko na rame. To ga hoto nan na saka a ciki. Amma don Allah kafin ki kai masa ki karanta wannan har ƙarshe, don ba irin wanda yake jira ba ne.

Na ce miki Gwaggo ta samo mini aiki a asibiti. Asibitin ne, amma na tsuntsaye da namun daji. Wallahi ranar farko na zaci wasa ake mini. Aikina wanke bokitai, goge ƙasa, canza tsohuwar jarida a ƙasan keji, da yanka kifi, har ƙarni ya kama hannuna, Gwaggo ta ce kuliyoyin unguwa sun fi ta sanin lokacin dawowata. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana, kuma ba ta da mugunta, ki riƙe wannan.

Ban daɗe da farawa ba wani maigadi ya kawo tsuntsu a kwalin takalmi, ya ce gilashin ginin da yake gadi a bakin kogi ya buga, ya faɗo. Irin mai kamun kifin nan ne, ɗan ƙarami, bai cika tafin hannu ba in aka cire bakin, don bakin dogo ne kamar ba nasa ba. Bayansa shuɗi mai walƙiya, cikinsa ja-ja. Ban taɓa ganin shuɗi haka ba ko a zane. Fiffike ɗaya ya saki. Likita ta ɗaure shi, ta ce ni zan riƙa ba shi abinci tunda hannuna ƙanana ne. A naɗe shi a tawul, a buɗe bakin a hankali, a tura ɗan kifi ta kai, ba ta wutsiya ba, don kada ƙaya ta maƙale masa. Sai ta kafa mini doka, ta ce kada in yi masa magana, kada in tsaya ina kallonsa, in ba shi in fita. Wai in ya saba da mutum ya lalace. Yaya, wannan ya fi wankin bokiti yi mini wuya. A ce kana riƙe da mara lafiya a hannunka, kana jin zuciyarsa tana bugawa a yatsunka, ko sannu ba za ka ce masa ba? A ciki nake faɗa, bakina a rufe.

Fiffiken ya warke sarai. Aka mai da shi babban ɗaki na raga a bayan gida, da reshe da bahon ruwa, ana zuba masa kifi masu rai. Likita ta ce in dai yana kama abincinsa da kansa, za a kai shi bakin kogin a sake shi, kuma da ni za a je. Na yi murna har na faɗa wa Gwaggo, ta ce to Allah ya sa ya aiko mini da gaisuwa. Ta wata 'yar kafa nake leƙensa. Zai zauna a reshe tsit, sai ya faɗa ruwa kamar an jefa dutse, ya fito ba komai a baki. Ya sake. Wani lokaci ya dace ya kama, ya buga kifin a reshe ya haɗiye, amma yawanci haka yake fitowa a jiƙe. Likita ta ce ƙila ƙarfinsa ne bai gama dawowa ba, a ƙara masa lokaci.

To a nan bakina ya ja. Ina goge tebur, Likita tana wanke hannu, sai na yi dariya na ce tsuntsun nan yana karkata kai in zai duba abu, sak Babanmu. Wallahi don raha na faɗa. Sai ta rufe famfo ta juyo, ta tambaye ni me ya sa Babanmu yake karkata kai. Ni kuwa na zayyana mata duka. Na ce tun da idonsa na hagu ya mutu, in zai zuba shayi sai ya zuba a gefen kofi, zare kuma ya bi ta gefen allura ya wuce, har ya haƙura ya rufe keken ɗinkinsa. Sai ta ce na gode. Ban gane godiyar me ba ce.

Washegari ta kira Mai Hoto. Wani dattijo ne da yake zuwa ɗaukar tsuntsayen, Baƙuwa yake ce mini, ya ce ya tsufa yana bin irin wannan a bakin ruwa, ba tsuntsun da ya kai shi jan aji. Ya kafa labule mai huji a jikin ragar ya ɓuya a baya, ya ce in na yi tari sai ya ɗauke ni ina hamma ya manna a ƙofa. Duk sanda tsuntsun ya faɗa ruwa sai kyamarar ta yi ƙara a jere, kamar keken Baba in ya samu miƙaƙƙen ɗinki. Bayan nan muka taru a ofis ya buɗe a kwamfuta. Yaya, hotunan sun yi kyau har na ce kai. Ruwa ya tsaya a sama kamar duwatsun wuya, fiffike a buɗe, lafiyayye. Ina ta murmushi, sai na ga su ba sa yi. Mai Hoto ya sa yatsa ya nuna: ga baki ya shiga ruwa, ga kifi a gefe. Na gaba ma haka, na gabansa ma haka, kullum gefe ɗaya. Sai ya jawo fuskar kusa, a cikin idon hagu ga wani ɗan fari can ciki kamar ɗigon madara. Gilashin nan ba fiffike kaɗai ya taɓa ba.

Likita ta ce in aka sake shi yunwa ce za ta kashe shi a hankali, don kifin kogi ba na baho ba ne. Na ce to a bar shi a nan. Ta ce irinsa ba ya zaman keji, kullum zai yi ta bugun raga har ya karye, kuma duk lomar da nake tura masa, a wurinsa kamu ne, ba jinya ba. Na ce a ba ni shi, ni zan riƙe, na ce Babanmu ma ido ɗaya gare shi kuma ga shi nan da ransa. Ta ce Babanku yana da ku, kuma yana so a riƙe shi, wannan ba ya so. Har yau ina juya maganar nan, ban san ko ta yi gaskiya ba, kuma ban samo inda ta yi ƙarya ba.

Allura aka yi masa. Ta ce in ba zan iya ba in fita, na ce ni na saba riƙe shi. Na naɗe shi a tawul ɗinsa yadda nake yi in zan ba shi kifi, har ya buɗe baki. Na ce masa sannu, da ƙarfi na faɗa, na sake faɗa, Likita ba ta hana ni ba. Bugun da nake ji a yatsuna ya yi ta raguwa har na daina ji. Na koma na wanke bahon, don aikina ne. Mai Hoto bai yi tsokana ba ranar. Ya ce da ban yi magana ba da sun sake shi ya je ya mutu inda ba mai gani. Na san lallashi ne, amma ni dai da bakina a rufe yake, da na gan shi ya tashi.

Da sati ya zagayo ya kawo mini wannan hoton, ya ɗauka ne wata safiya da na fito da tsuntsun za a auna shi, ban ma sani ba. Fuskata ba ta fito ba. Hannu biyun nan nawa ne, ga tabon wuƙar nan a babban yatsa, Baba zai gane shi. Ta wajen ido mai lafiya aka ɗauki tsuntsun, ba abin da ya nuna.

Ki gaishe da Kawu da Inna, da maigidanki, da 'Yan Biyu, ki ce su daina ɓoye wa Baba sandarsa. Ki gaishe da Mai Kitso maƙwabciyarmu. Gwaggo tana gaishe ku duka. In za ki miƙa wa Baba hoton, ki fito da shi haske, ki tsaya ta damansa. Zai tambayi tsuntsun, na san shi. Ki ce masa fiffiken ya warke, wannan ba ƙarya ba ce. Maganar ido kuma ta tsaya tsakanina da ke.

Taki,
Auta