Sifilin Bashiru

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ya iyali, ya zaman Fatakwal? Mu nan Bukkuyum lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Ɗanka Bashiru ya samu sifili a lissafin kusurwoyi, alhali amsoshinsa duk daidai ne. Na je makarantar, sabon malaminsu ya ce dokar ajinsa ke nan: wanda bai nuna hanyar da ya bi ba, ba shi da maki. Na ce, "Malam, wanda ya isa Gummi, ana tambayarsa ta ina ya biyo?" Sai ya yi murmushi.

Murmushin nan bai kwanta mini ba. Da na bincika, ashe jikan Ɗanjuma ne, wanda Baba ya kayar a shari'ar iyakar gona.

A gaida mutanen gida. Ka dage wa yaron nan da addu'a, don yanzu aka fara zangon karatu.

Ƙaninka,
Lawali